Yadda na yi wa darasi awo kamar hatsin rumbu

Shekarun baya, lokacin da furfura ta fara leƙowa a gemuna, na shiga ajin yaƙi da jahilci a garinmu. Alƙur'ani kam ina karanta shi tun ina yaro, alhamdulillahi, amma boko ko sunana aka rubuta sai dai in gane shi da siffa, yadda mutum yake gane akuyarsa a cikin garke. Mu goma sha ɗaya ne a ajin, duk magidanta. Muna zama a makarantar firamare bayan la'asar, a kan bencinan yara, gwiwoyinmu suna dukan ƙasan tebur. Mata suna da nasu ajin a gidan mai unguwa, mai ɗakina ma tana ciki.

Ni ba mai saurin ɗaukar abu ba ne. Shekarar farko ban ci jarrabawa ba, aka ce in maimaita, na ce to. Wanda ya saba jiran ruwan shuka, jiran shekara ɗaya ba ya yi masa nauyi. Da an bar ni, da ko sau huɗu ne zan maimaita ba tare da raina ya ɓaci ba.

Abin da ya hana shi ne wata magana da malaminmu ya faɗa mini a farkon daminar shekarata ta biyu. An tashi daga aji, ya ce in ɗan dakata. Ya yi ta juya makullin babur ɗinsa a hannu kafin ya fito da ita. Ya ce bayan kaka za a yi jarrabawa, waɗanda suka ci su wuce aji na gaba, waɗanda suka faɗi kuma a haɗa su da sabbin ɗauka. Na ce na sani, ai ni tsohon hannu ne a wannan hanyar. Ya ce to a cikin sabbin da suka ba da suna akwai mijin 'yata ta fari.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce mene ne a ciki. Yaron nan shekara shida ke nan yana auren 'yata, ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba. Idan ya hango ni a hanya, daga nesa yake sauka daga babur ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Akwai ranar da muka yi kiciɓis a lungu, ya rasa inda zai shiga, ya faɗa gidan mutanen da bai sani ba. Ni ma ba na kama sunan matarsa, balle nasa. To a ce ni da shi a benci ɗaya, Malam ya ce in tashi in karanta, in yi tuntuɓe, aji ya yi dariya, shi kuma yana zaune ya rasa ko ya yi dariyar ko ya nutse a ƙasa? Ba mai yiwuwa ba ne. Idan na faɗi, ɗayanmu ne zai bar karatu. Kuma na san ni ne, don ba zan tare wa yaro mai ƙuruciya hanya ba. Na koma gida a ranar ina jin karatun da na fara da girma yana shirin kuɓuce mini.

Malaminmu malamin firamare ne, daga wajen Makoɗa yake zuwa, kuma Allah ya ba shi basirar kwamfuta. Ya san halin damina. Da zarar an yi shuka, ajin yakan koma sau ɗaya a mako, ranar Alhamis, shi ma rabin mutane suna gyangyaɗi saboda gajiyar noma. Saboda haka ya haɗa mana wani shafi a intanet, ya zuba darussa talatin a ciki. Kowane darasi da haruffansa da kalmominsa, idan ka danna sai ka ji muryarsa yana karantawa. Mu bakwai ne muke da babbar waya. Tawa ta hannu ce, na saye ta da na sayar da gyaɗa. Waɗanda ba su da ita sai su raɓu da maƙwabta.

Matsalar ita ce sabis. A garinmu sabis baƙo ne mai kunya, yakan leƙo ya koma. Wuri ɗaya ne yake zama ya miƙe ƙafa, a kan wani tsohon suri da ke tsakiyar gonar abokina. Abokin nan nawa ɗan kawuna ne, taubashina, tare muke aji, kuma tun muna yara bai taɓa barin bakinsa ya huta a kaina ba. Shi ya raɗa mini suna shugaban masu maimaici. A shekarar ya shuka gero ya sa wake a tsakani, kuma waken ya yi kyau.

Kullum da yamma sai ka ga dattawa suna ratsa gonar, kowa da waya a hannu. Surin mutum uku yake ɗauka, sauran su jira a ƙasa. Wanda ya hau sai ya ɗaga hannu sama yana juyawa, shafin ya buɗe rabi ya tsaya, muryar Malam ta ce “ba” ta maƙale, sai bayan ka gaji ka sauke hannu ta ƙarasa. Ga data tana tafiya. Idan hadari ya haɗo kuwa, ko surin ma ba ya amfani. Ba a yi mako uku ba sai da muka fitar da turba sosai a cikin waken bawan Allah, har masu zuwa ɗiban ruwa suka fara bi.

Wata Alhamis abokina ya tashi a aji ba tare da an ba shi izini ba.

“Malam, ko dai ka sauko da karatun nan daga kan surina, ko kuma ku shirya ciyar da ni bana. Wallahi awaki sun fi tsofaffin nan tausayin wake. Akuya dai ci take yi ta tafi. Waɗannan su tattake, su tsaya, su yi ta faɗin ba-bi-bu a kan gawar.”

Aka yi dariya, amma Malam bai yi ba. Ya ce a ba shi lokaci, akwai wata dabara da ya taɓa gani, zai gwada.

Ya yi kusan mako uku yana fama. Ya gaya mana daga baya cewa duk ranar da babu makaranta yakan tafi shagon wani mai kwamfuta a cikin gari ya wuni, ya gyara nan, can ya lalace. Ranar da ya gama, ya shigo aji yana murmushi tun daga ƙofa. Ya ce ya koya wa shafin ya tare a cikin waya. Maimakon kullum a je a nemo shi a intanet, yanzu zai zauna a fuskar waya kamar sauran manhajoji, da ɗan hoton allo a kansa. Ka danna allon, darussa su fito, ko akwai sabis ko babu, ko kana da data ko ba ka da ita. Sharaɗin ɗaya ne: sai an je wurin sabis sau ɗaya, komai ya shiga ciki.

Abokina ya yarda da hawa na ƙarshe, amma ya ce shi zai shige gaba. Ya jera mu a layi, ya tsaya yana duba inda kowa yake sa ƙafa, kamar mai shigar da tumaki mota. Malam ya hau surin, muna miƙa masa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan tawa, na hau na tsaya kusa da shi. Ya danna wani wuri, wayar ta tambaya ko a ajiye shafin a fuskarta, ya ce e. Sai wani ɗan layi ya bayyana, fanko, ya fara cika da kore daga gefe ɗaya. Yana tafiya a hankali, ya tsaya, ya ci gaba. Sau biyu sabis yana gudu muna jira. Na zuba masa ido har ya cika taf.

Daga nan Malam ya ja mu zuwa zauren mai unguwa, inda kowa ya san ko kira ba ya shiga. Ya ce kowa ya danna allonsa. Muka danna, sai muryoyin Malam bakwai suka tashi a lokaci guda a cikin zauren, shi kuma yana tsaye bakinsa a rufe. Wani dattijo a cikinmu ya yi salati ya ajiye wayarsa a ƙasa.

To a nan ne na shiga uku ba tare da kowa ya sani ba, har ni kaina.

Na dawo gida na zauna na yi tunani irin na manomi. Na ga abin nan ya cika da idona. Duk abin da na taɓa gani ya cika kuwa, na ga ƙarewarsa: buhu, randa, tankin babur, rumbu. A cikin wayar ma haka ne. Kati yana ƙarewa, data tana ƙarewa, caji yana ƙarewa. Malam ya ce ba a buƙatar data, na ji. Amma bai ce abin da aka zuba ba ya raguwa ba. Don in tabbatar, na buɗe darasi na ɗaya, na saurara, na rufe. Darussan an jera su ne a 'yan gidaje talatin, duk koraye. Ina rufewa sai na ga gidan farko ya koma ruwan toka. Na ce shi ke nan, ga shaida. An cinye wannan. Saura ashirin da tara.

Ban sake taɓa mai ruwan tokar ba. Wa yake komawa kan ƙaiƙayi neman tsaba?

Sai na yi wa darussan irin tsarin da mahaifina ya koya mini a kan hatsi. A gidanmu maigida ne kaɗai yake buɗe rumbu, shi yake auna abin da za a ci, kuma ba a taɓa iri ko da za a kwana da yunwa. Na kasa su uku. Goma na farko na ci ne, a bi su a hankali. Goma na tsakiya sai an shiga marka sosai. Goma na ƙarshe kuwa na ajiye su kamar iri, ba za a taɓa su ba sai jarrabawa ta matso, ko wata larura ta taso. Wace larura ce za ta sa mutum ya buƙaci darasi na ashirin da takwas cikin gaggawa, har yau ban sani ba.

Ranar da zan buɗe darasi, sai na yi shiri. In kori kaji, in ce wa mutanen gida a yi shiru, in zauna a kan buzu in tattara hankalina. In danna, in saurara sau ɗaya kamar mai sauraron wasiyya, in rufe da sauri kada na kusa da shi ya zube. Sannan in ɗauki kara in yi ta zana abin da na tuna a ƙasa har tsawon kwana biyar ko shida. Abin da na tuna daidai ya zauna daidai. Abin da na tuna a karkace kuma in yi ta nanata shi a karkace har ya kafu.

Za ku ce me ya hana ni tambaya. Na yi niyya sau biyu. Amma duk lokacin da na ɗaga hannu a aji, kafin in buɗe baki abokina zai ce a yi shiru, shugaban masu maimaici zai yi jawabi. Sai in ce dama fita zan yi. Ban da haka, a ganina babu abin tambaya. Tattali ai ba a tambayar izininsa.

Malam ya fara lura. Ga ni ba na fashi, ga ni a bencin gaba, amma aji yana darasi na goma sha tara ni ina lalube a na takwas. Ya tambaye ni ko ina buɗe darussan a gida. Na ce ina buɗewa daidai gwargwado. Ya gyaɗa kai, bai tambayi gwargwadon me ba. Mai ɗakina ma ta roƙe ni aron wayar ba sau ɗaya ba, don ajinsu babu mai irin ta. Na ce ta yi haƙuri a ga kaka tukuna. Ta dube ni irin duban da takan yi mini idan na ce miya ta yi gishiri alhali ba ta sa ba, ta tafi.

Ana cikin girbin gero aka yi mana rasuwa a dangin mahaifiyata, can wajen Zakirai. Na shirya tafiyar kwana uku. Saboda tsoron 'yan sane a mota, na bar wayar a gida, na sa ta a aljihun babbar rigata ta sallah, na ninke rigar na sa a ƙasan akwati. A zatona babu mai kaiwa nan. Na manta wadda take wanke rigar take ninke ta.

Na dawo da hantsi, na sha ruwa, aka yi mini gaisuwa. Na shiga ɗaki na ciro wayar, don a lissafina ranar ce ranar darasi na goma sha uku. Na danna allon. Gidaje talatin, babu kore ko ɗaya. Toka daga sama har ƙasa.

Ban yi faɗa ba, ni ba mai faɗa ba ne. Na yi innalillahi, na fito tsakar gida da wayar a tafin hannu kamar na ɗauko mataccen ɗan tsako. Mai ɗakina tana tankaɗe. Na tambaye ta ko wani ya shiga akwatina. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita ce. Ta ce maƙwabta huɗu 'yan ajinsu sun shigo, sun kai wayar caji da kuɗinsu, sun zauna a inuwa sun bi darussan tun daga farko har ƙarshe, waɗansu ma sau uku. Ta ce na ashirin da shida akwai labarin wata mata da ɗan maraƙi, ya ba su dariya ƙwarai.

“Har da iri?” na ce.

“Wane iri?”

“Goman ƙarshe. Na ajiye su ne saboda jarrabawa. Yanzu da me zan shiga?”

Ta ajiye rariyar ta dube ni da kyau. Ta ce, “Maigida, danna ɗaya mana ka gani.”

Na ce ba zan danna komai ba, an yi ɓarnar da aka yi, kada a ƙara wata a kai. Na hau kekena ban ko ci abinci ba.

Na sami Malam a gonarsa yana ɗaurin dami. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na ce mata sun cinye mini darussa kaf, ina roƙon alfarma ko akwai saura a wajensa ya ƙara mini, ko goma ne, zan san yadda zan yi da abokina a kan hawa surin. Ya ce bai gane ba. Na nuna masa tokar. Na yi masa bayanin tsarina tun daga na ci har zuwa iri, dalla-dalla, don ina ganin ko ba komai zai yaba da hankalina.

Ya karɓi wayar ya danna gidan farko, wanda na binne tun ranar farko. Muryarsa ta fito garau. Ya rufe, ya sake dannawa, ta sake fitowa. Ya yi haka ya kai sau goma yana kallona. Ya ce ruwan tokar alama ce kawai ya sa, don mutum ya san inda ya tsaya. Darasin yana nan, ko sau dubu aka buɗe shi ba ya rage ko ƙwayar gero. Sai dariya ta kama shi. Ya yi ƙoƙarin riƙe ta saboda girmana, ta fi ƙarfinsa, ya zauna a kan dami yana share hawaye yana cewa in yafe masa. Ni ma da na ga abin ya wuce gyara sai na taya shi.

Can ya tsaya ya ce, “Baba, to guda nawa ka karanta?”

Na ce goma sha biyu.

“Sau nawa-nawa?”

Na ce sau ɗai-ɗai.

Dariyar ta ɗauke. Ya ƙirga da yatsunsa, ya ce saura kwana tara jarrabawa.

Ranar Alhamis ya shigo aji fuska ba walwala. Bai kama sunana ba, Allah ya saka masa. Ya ce yana so duk wanda yake tsoron darussan wayarsa za su ƙare ya ɗaga hannu. Na ɗaga nawa. Can sai wani ya ɗaga, wani ma ya ɗaga. Na waiga, sai ga hannun abokina yana tasowa a hankali kamar ba nasa ba. Aka duba wayarsa, uku kacal ya buɗe. Ya ce shi dama ya bari ne sai an gama kaka ya ci su a natse. Tun muna yara nake jiran rana irin wannan, ga ta kuwa ta zo. Na dai dube shi na gyara zaman hulata, kuma ya gane.

Malam ya ce laifinsa ne, shi ya zaɓi launin da ya yi kama da abin da ya mutu. A makon ya gyara: darasin da aka buɗe ya zauna da korensa, sai ɗan tauraro ya fito a kansa, idan ka sake buɗewa taurarin su ƙaru. Sai dai gyaran ba ya shiga waya sai ta ga sabis, don haka muka sake jeruwa zuwa surin. Wannan karon mai gonar ya bi layi kamar kowa.

Kwanakin nan tara ban taɓa yin irinsu ba. Ga girbi bai ƙare ba, ga darussa goma sha takwas da ban taɓa gani ba, ga goma sha biyun baya da suke buƙatar a warware su a sake ɗaurawa. Wayar tana aljihun gaba, muryar Malam tana tashi ina yankan gero. Idan na kai ƙarshen kunya in tsaya in duba haruffan, in juyo. A kan amalanke ma karatu nake, shanun suka kai ni gida da sanin kansu. Abin da yake ƙarewa da gaske shi ne caji, sau biyu a rana nake aikawa wurin mai sola.

Da yamma kuma mai ɗakina ta zama malamata, tun da ta riga ni kaiwa ƙarshe. Ta shimfiɗa tabarma, ta riƙe wayar, ni ina gabanta. Idan na yi kuskure ba ta gyara mini, sai ta danna darasin daga farko ta ce, “Maimaita, Maigida. Akwai saura da yawa a rumbun.” Ta faɗi wannan maganar ta fi a ƙirga, kuma kowane karo da irin daɗin da take ji. Na haƙura. Wanda ya kai kansa makaranta ba ya zaɓen bulala.

Ranar jarrabawa wani jami'i ya zo daga ƙaramar hukuma, da biro uku a aljihu. Kowa zai rubuta jimla uku, sannan ya karanta wata takarda da bai taɓa gani ba. Rubutun na yi shi, duk da layin ya gangara kamar kunyar da aka yi da sabon sa. Da aka kira ni karatu, na tashi na riƙe takardar da hannu biyu. Labarin wani mutum ne da ya kai buhun gyaɗa kasuwa. Na bi shi harafi-harafi, in haɗa, in faɗa, in numfasa. Jami'in ya duba agogo. Na kai mutumin bakin kasuwa, ya sake duba agogo. A wata kalma mai tsawo na tsaya cik. Na koma farkonta na sake tahowa a hankali, ta buɗe. Kafin mutumin nan ya sayar da gyaɗarsa, na tabbata da a gaske ne da kasuwar ta tashi. Amma ya sayar, na kai aya ta ƙarshe.

Jami'in ya ce a aikinsa bai taɓa ganin mai karatu a hankali kamar ni ba, amma bai ji na faɗi abin da ba a rubuta ba. Ya sa hannu. Mu bakwai muka wuce. Abokina yana cikin huɗun da suka rage, kuma na yi masa ta'aziyya yadda ta kamata, a gaban jama'a, har sau biyu.

Muna fitowa na hangi wani babur a bayan katangar makaranta, da mutum a tsugune a gefensa yana duba tayar da ba ta da komai. Wani ya ɗaga murya ya ce shugaban masu maimaici ya sauka daga mulki. Kafin in gane ko wane ne mai babur ɗin, ya buga shi ya ba da ƙura.

Bayan kwana biyu 'yata ta zo gida. Ba ni ta faɗa wa ba, uwarta ta faɗa wa, ita kuma ta kawo mini da zafinsa. Ashe mijinta ya san komai tun ranar da ya ba da suna. Ya yanke a ransa idan na faɗi zai je ya ce a cire sunansa, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ni ina shirin bar masa, shi yana shirin bar mini, da mun tashi babu wanda ya samu. Da labarin kwana tara ya kai kunnensa, kullum da safe sai ya sayi ƙosai ya aika masallaci sadaka, ya ce a gaya wa liman wani bawan Allah yana da buƙata, a taya shi da addu'a. Na tuna kuwa an yi ta wannan addu'ar a makon. Na shafa, na ce amin da ƙarfi, ina cewa a raina ko wane ne wannan Allah ya yaye masa. Ƙosan ma na ci, har na ce mai suyar ta iya.

Yanzu idan na tuna, dariya nake yi, amma akwai abin da ya zauna mini. Tattalin da na yi ba wauta ba ce gaba ɗaya, shi ya raya gidanmu a shekarun da ruwa ya yi gardama. Kuskurena shi ne na ɗauka duk abin da ke duniya hatsi ne. Na yi wata uku ina jin yunwa a kan abin da ba ya raguwa, saboda tambayar da ba ta fi numfashi ɗaya ba ta yi mini nauyi. Tun daga lokacin, idan ban gane abu ba ina tambaya, ko abokina yana wurin. Yakan yi maganarsa, in jira ya gama, in sake tambaya.

Surukina ya shiga ajinsa, ya zauna benci ɗaya da abokina, wanda ya mayar da bakinsa kansa har shekara ta zagayo. Malam ya sa masa allon a waya ranar farko. Wata rana bayan sallar azahar wayata ta yi ƙara, na duba, saƙo ne a rubuce daga lambar da na sani amma ba ta taɓa kirana ba. Kalma huɗu ne: Baba ina wuni lafiya. Na wuni ina juya amsar, sai washegari na tura masa cewa lafiya lau, ya aiki, ya iyali.

Daga ranar ba mu fasa ba. Yana tambayata farashin taki, ina tambayarsa jikin yara, har shawara ya taɓa nema a kan gonar da zai saya. Abin da muka faɗa wa juna a rubuce ya fi abin da muka faɗa da baki a duk shekarun da suka wuce. Amma har gobe idan ya hango ni a hanya, daga nesa yake sauka daga babur ya durƙusa, kansa a ƙasa, ni kuma in amsa ina kallon wani gefen. Sai na wuce na yi nisa, in ji wayar ta motsa a aljihu.